Ta'aziyyar Jam'iyya a Paris

Tambaya ta uku ke nan Raliatou ta yi, tsohon kuma bai daina goge tukunyar shayinsa ba.

Tun da asuba ta baro Vénissieux, a gefen Lyon, ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris saboda shi. Kuwabara sunansa, tsohon ma'aikacin jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta Japan, wadda ta ci zaɓe a 2009, ta faɗi a 2012, daga baya ta narke cikin wata. A kanta Raliatou take rubuta kundin digirinta a Lyon, kuma malaminta ya gaya mata ƙiri-ƙiri: in ba ta kawo shaidar wanda aka yi abin da shi ba, kundin ba zai wuce ba.

"Me ya kayar da ku?" ta sake tambaya da Faransanci.

"Yana cikin littattafai, madmazel."

Haushi ya kama ta. Ta fita baranda ta kira gwaggonta a waya, Hajiya Fatou, wadda take zaune a wurinta.

"Tanti, mutumin nan ya ƙi magana sam."

"Yo ke, jam'iyyar tasa ba ta mutu ba? Kin shiga gidan mutuwa kina tambayar mi ya kashe mamaci? Haka aka koya miki a Damagaram? Ko gaisuwa kin yi mishi?"

Kunya ta rufe Raliatou. Ita da ta sha zaman makoki tun tana yarinya, yau ta shigo wa mutum da takalmi da jerin tambayoyi! Amma fa ba ta da niyyar komawa Lyon hannu rabbana.

Ta koma ciki, ta tuɓe takalmanta, ta ja mayafi, ta zauna a ƙasa.

"A garinmu in mutum ya yi rashi, zama muke yi da shi," in ji ta. "Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

Daga nan ta kama bakinta. Shirun ya yi tsawo har ƙafarta ta yi sanyi, ba ta motsa ba.

Can sai tsohon ya sauko daga kujera da ƙyar, ya zauna a gabanta.

"Kowa dalili yake tambayata, kamar ni na kashe ta," ya ce. "Rubuta. Ranar da muka ci zaɓe kowa na tafi, ni kuwa banɗaki na shiga na yi kuka, don na san ba mu shirya ba."