Yatsun Tavion

Har zagaye na bakwai babu wanda ya iya bugun ƙwallon da Tavion ke jefawa. 'Yan wasan kwalejin suka tattara can ƙarshen benci, suka bar shi shi kaɗai da tawul a kafaɗa. Haka al'adar besbol take: idan mai jifa ya hana abokan hamayya bugu tun farkon wasa, ba a yi masa magana, ba a zama kusa da shi, don kada a karya masa sa'a.

Wendell, mataimakin koci mai kula da masu jifa, yatsun saurayin yake kallo. Tavion yana dunƙule hannun dama yana buɗewa, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba sa bin 'yan uwansu.

Wendell ya san abin nan. A wannan filin na kudancin Mississippi ya yi tashe, wata ƙungiya ta ɗauke shi, ya yi kakar wasa biyu yana bin garuruwa a bas. Ranar da shi ma irin yatsun nan biyu suka mutu masa, bai sami mai tsayar da shi ba, har jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Ya koma sayar da tayoyi, daga nan babban koci Pruitt ya jawo shi wannan aikin da ake sabunta masa shekara-shekara.

Ya matsa ya raɗa wa Pruitt abin da ya gani. Pruitt bai daina taunar cingam ba. Ya nuna masa da haɓa wani mai malafa a bayan raga, wakilin babbar ƙungiya da ya taso tun daga Texas don Tavion.

"Yaushe ka zama likita, Wendell? Koma ka zauna. Ko kewar tayoyi kake yi?"

Wendell ya ɗebi ruwa a kofin takarda, ya bi ta gaban kowa, ya zauna jikin Tavion. Wani ya tambaya ƙasa-ƙasa ko Koci Wendell ya zautu ne.

"Karɓi."

Tavion ya miƙo hagu.

"Da dama, ɗan samari."

Ya karɓa da dama. Kofin ya sulale, ruwan ya zube masa a takalmi.

Tavion bai ɗago kai ba. Ya ce mahaifiyarsa tana cikin 'yan kallo, ta ajiye aikin yini don ta zo, kuma mai malafa ba zai sake dawowa ba.

"Saura zagaye biyu, Koci. Don Allah ka rufa mini asiri."

Wendell ya dubi Pruitt, Pruitt yana dubansa. Sai ya ɗaga murya ya kira Odile, mai duba lafiyar 'yan wasa, ya ce yatsun yaron nan biyu sun mutu. A dokar kwalejin, da zarar maganar ta shiga kunnenta, ba kocin da ya isa ya mayar da ɗan wasa fili sai ta yarda. Ta matsa gwiwar hannun sau ɗaya, Tavion ya cije leɓe, ta girgiza kai.

Wanda ya canji Tavion, jifansa na farko aka buge har bayan shinge, abokan hamayya suka ci maki. Mai malafa ya miƙe ya nufi mota.

Pruitt ya wuce ta gabansu, ya ce wa Wendell ya same shi a ofis ranar Litinin, ya zo ya miƙa makullan wurin aiki.

Wendell ya ce to. Ya gyara ƙullin ƙanƙarar da Odile ta ɗora a gwiwar hannun Tavion, wanda ya juya fuska bango, ya ci gaba da riƙe masa.