Reshen Yaya

Yaya yana da wani hali da duk ofis aka gaji da yi masa magana a kai: ba ya tura aiki ya adana a rumbun kamfani na intanet sai ya kammala shi tsaf. Wai shi ba ya nuna wa mutane ɗanyen aiki. Ƙanwarsa Auta, wadda shi ya koya wa rubuta manhaja har ya samo mata kujera a gefensa, ba ta biyo shi ba. Ita ko waƙafi ta gyara sai ta adana.

Ranar da jininsa ya hau ya faɗi a bakin firinta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya harɗe. Ba a jima ba Manaja ya fara ƙunƙuni: wata da watanni Yaya yana cewa yana sake gina sashen rajista, amma rumbu wayam. In babu abin nunawa, za a ba wani kujerarsa.

Da hantsi Auta ta buɗe kwamfutar Yaya. Ta kira mataimakin nan na na'ura da suke wa laƙabi da Sarkin Surutu, don ko gaishe shi ka yi sai ya cika maka allo.

"Duba min halin da aikin yake ciki, da reshen da yake kai," ta rubuta.

Ya zayyano: reshen Yaya ne, wato kwafin manhajar da ya ware yana aiki a kai shi kaɗai, babban reshen da kowa ke amfani da shi ya yi masa nisa, fayiloli birjik an canza, ba a adana ko ɗaya ba. Ta bi su tana karantawa. Aikin ya yi kyau har ya ba ta haushi, ya kuma ba ta tausayi.

Saura ta haɗa shi da babban reshe ta nuna. Na'ura ta ce canje-canjen sun ci karo. Ga Manaja tsaye a kanta yana kaɗa mukulli, ga Umma a waya daga asibiti tana cewa Yaya ya ƙi cin komai.

"Mayar da reshen daidai da babba tukuna," ta rubuta da hannu ɗaya.

Sarkin Surutu ya zubo bayani kamar kullum. Ta daɗe da daina karanta masa. A kwamfutarta ai ba abin da ke ɓata, komai yana rumbu. Ta danna eh.

Da ta ajiye waya ta ce ya dawo da na Yaya. A karon nan amsar gajeriya ce: "Ba a taɓa adana su ba. Na duba duk inda zan iya, ba su dawowa."

Ta ja allo sama. Gargaɗin yana nan a layin farko, ɓaro-ɓaro: duk abin da ba a adana ba zai goge. Manaja ya leƙa, ya ga babu komai, ya koma ofishinsa.

Da yamma a asibiti Yaya ya ɗaga hannun hagu, ya motsa yatsu kamar mai bugun rubutu, yana kallonta.

"Na gani, Yaya. Wallahi ya yi kyau."

Rabin bakinsa ya yi murmushi. Ya yi ta kokawa da harshe, jijiyar wuya ta tashi, har kalmar ta fito.

"Tu... ra."

Umma ta share masa yawu da gefen mayafi, tana murna ya yi magana.

"Kin ji, Auta? Ya ce ki tura."