Miyar Folere ta Baba Gaston

"Kada ki sa gishiri!"

Muryar Baba Gaston ce daga cikin ɗaki, ta sirance, amma da sauran faɗa a cikinta. Lauratu ta mayar da gishirin gwangwani tana ƙunƙuni. Shekara ashirin tana girki a Garwa, ba ta taɓa ɗora miya ba gishiri ba barkono ba. To amma kwana huɗu ke nan maƙwabcin nata bai sa komai a baki ba, asibiti sun sallamo shi gida, kuma wannan kaɗai ya ce zai sha.

Tsohon kuku ne. Da ƙuruciyarsa ya yi wa wata Baturiyar ƙasar Nowe girki a Ngaundere, ita ta koya masa miyar ƙasarsu ta 'ya'yan itace, mai zaƙi. Da yake irin nasu ba sa fitowa a nan, sai ya maye su da folere, wato zoɓo, da ɗinya. Duk Kirsimeti yakan aiko wa gidan Lauratu kwano guda, su yi ta dariyar miya da sukari, sannan kwanon ya koma wayam.

"Yanzu ki dama garin rogo da ruwan sanyi," in ji shi. "Ki zuba kaɗan-kaɗan. Dusma, a hankali, 'yata, ba tuwo kike tuƙawa ba."

Miyar ta yi kauri, ja wur, tana sheƙi. Lauratu ta zubo a kwano ta shiga da ita tana tururi. Ƙanwar Baba Gaston, Léontine, wadda ta zo jinya daga Mayo-Oulo, ta tallabo kansa.

Ya kau da fuska. "Da zafi? Sai ta yi sanyi."

"Haba Baba, ka daure ka kurɓa ko kaɗan," in ji Lauratu.

"Madam ta ce a garinsu kan ƙanƙara ake ajiye ta. Shekara arba'in ban taɓa ba mutum da zafi ba, ba zan fara da kaina ba."

Lauratu ta ji yadda numfashinsa yake sarƙewa. Tsoro ya kama ta kada ya tafi da yunwarsa, miya tana hannunta. Ta fito tsakar gida ta ɗauko ƙwarya biyu, ta shiga sheƙa miyar daga wannan zuwa waccan kamar kunun mai jego. Ta mayar da ita kwanon, ta binne gindinsa cikin jiƙaƙƙen yashin ƙarƙashin randa, tana fifita da faifai, kunnenta na ɗaki. Rana kuwa ta take tsaka, ko iskar ma zafi gare ta.

"Lauratu," Léontine ta kira a hankali. "Ki zo."

Lauratu ta tsoma ɗan yatsa. Miyar ta huce. Ta shiga da gudu ta durƙusa, ta kai cokali bakinsa. Ya daɗe yana juya ta a kan harshe kafin ya haɗiye.

"Sukari ya yi yawa," ya ce, idonsa a rufe. Sai ya sake buɗe baki.

Cokali bakwai ya sha. Lauratu tana dariya, hawaye na zuba, don daɗi ya cika ta. Ya yi gyatsa, ya ce, "Useko, na gode," ya gyara kwanciya irin ta wanda ya ƙoshi. Ana kiran la'asar ya cika.

Léontine ta rufe masa ido, ta jiƙa ƙyalle za ta goge masa baki. Sai ta tsaya, ƙyallen na ɗiga a hannunta, su biyun suna kallon leɓensa da farin gashin bakinsa, duk sun rine ja.