Dutsen Kabarin Clement

Shekara ashirin da shida ke nan ina kula da injin ɗumama gini a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke adana takardun filaye, a garinmu cikin tsaunukan West Virginia. Sunana Orville Tackett. Ban wuce sakandare ba, ɗan abin da na sani a laburare na tsince shi da bakin tsofaffi. Darasi ɗaya na riƙe gam: ma'aikacin da ba shi da albashin wata uku a ajiye bawa ne, sai dai an rataya masa katin shaida a wuya. Na yi ta faɗar haka a ɗakin cin abinci har abokan aiki suka laƙaba mini Fasto.

A hunturun da nake ba da labari, 'yan majalisa suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, aka rufe gwamnati, albashi ya tsaya. Aka sallami kowa gida, ban da ni da masu gadi biyu, don in injin ya mutu bututun ruwa za su daskare su fashe. Ba wanda ya tayar da hankali. Kowa ya san ranar da aka buɗe za a biya ariyas har kwanakin da aka yi a kwance, saboda haka suka ɗauke shi hutu. Makon farko hotunan farauta suka riƙa aiko wa juna. A mako na uku hotuna suka ɗauke.

A makon ne Royce Dunaway ya sauko ɗakin injin ya same ni. Babban jami'i ne a hawa na biyu, albashinsa ya ninka nawa. Yana da sabuwar a-kori-kura da kwalekwale mai inji, duka na bashi. In aka yi masa magana sai ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

"Fasto, ashe kana nan kana gasa kanka kyauta," in ji shi.

"Faɗi abin da ya kawo ka, Royce. Ba ka taɓa sanin hanyar ɗakin nan ba."

Ya sosa ƙeya. Tun kafin rufewar ana binsa kuɗin mota na wata biyu, ga na gida ya taho, masu motar kuma sun ce za su aiko a janye ta. Dala dubu biyu da ɗari huɗu yake nema, ranar da ariyas ta shigo ya mayar.

Ina da kuɗin, har da ninkinsu. Na ce masa ya sayar da kwalekwalen.

"A cikin wannan sanyin? Wa zai saya?"

"Da ka tambayi kanka haka ranar da ka saye shi. Shekara nawa ina faɗa muku? Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

"Rance na zo nema, ba huɗuba ba."

"Huɗubar ce kyauta."

Ya hau matakala ya tafi. Ban ɓoye ba, na ji daɗin kaina a ranar. Na ce ko ba komai yunwa za ta koya masa abin da bakina ya kasa.

Da rufewar ta cika mako biyar aka buɗe gwamnati. Ariyas ta shiga asusun kowa ranar Alhamis, ranar Juma'a aka yi liyafa a ɗakin cin abinci, kowa ya kawo abin da aka dafa a gidansa: wake da burodin masara, soyayyar kaza, kek iri uku. Royce ya zo da naman barewa, motarsa na waje tana ƙyalli.

Mis Verna Pettiford tana gefe da kekenta na shara, tana jira a gama ta kwashe. Shekara goma sha tara tana share ginin nan. Ita ke fara zuwa, ita ta san ranar haihuwar 'ya'yan kowa. Mijinta Clement, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aiki a injin yankan katako, ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma har lokacin kabarinsa ba shi da dutse, sai ɗan faifan ƙarfe a kan tsinke wanda masu jana'iza ke kafawa na wucin gadi. Kowa a ofis ya san zancen dutsen, don hotonsa na cikin wayarta: baƙi, mai sunansa da zanen kifi, saboda Clement masunci ne a ranakun hutu. Ta ba mai sassaƙa kafin alƙalami dala ɗari shida, da sharaɗin ta cika sauran kafin ƙarshen Fabrairu, in ba haka ba kafin alƙalamin ya tafi. Burinta a kafa shi kafin Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ranar da dangi ke taruwa su gyara kaburbura su ajiye furanni, don 'yan'uwan Clement za su zo daga Ohio.

Na kai mata faranti na ce, "Mis Verna, ariyas ta shigo, sai dutse ke nan."

Ta dube ni ta ƙasan tabarau. "Wace ariyas, Mista Orville?"

"Wadda aka biya kowa jiya."

"Aka biya ku dai. Ni kamfanin shara ne ya ɗauke ni, gwamnati kwangila ta ba su. Ranar da ban share ba, babu ita a lissafi. Mako biyar ɗin nan ruwa ya cinye su."

Katin da ke wuyanta iri ɗaya ne da nawa, sai wani ɗan koren layi a ƙasa. Shekara goma sha tara ina ganin layin nan ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ni mai karatun laburare.

"To kuɗin dutsen kika ci a zaman?"

"Da na ci ai da sauƙi. Suna wurin Royce."

Ashe da ya bar ɗakin injin gidanta ya nufa, da itacen wuta cike da bayan mota, ya jera mata a rumfa, sannan ya zauna ya yi ta share ƙwalla. Ya san adadin da ke asusunta, domin ita da bakinta take faɗa mana duk wata saura nawa. Ta ba shi duka, dala dubu biyu da ɗari huɗu, ta koma karɓar abincin gwangwani a coci.

"Ya ce ranar da aka biya zai kawo," in ji ta. "Jiya aka biya. Yau da safe ya ce mini ina kwana."

Labarin rashin ariyas ɗinta ya zaga ɗakin, ni na zagar da shi. Mutanen kirki suka yi abin da suka saba yi in an yi haihuwa ko rasuwa: aka samo ambulan da kati mai hoton fure, aka zagaya kowa ya sa hannu ya jefa abin da ya sawwaƙa. Mutum arba'in da ɗaya, kowannensu da albashin mako biyar a asusu, suka tara dala ɗari da tamanin da biyar. Da idona na ga Royce ya zaro ashirin, ya ɗaga ta yadda za a gani, ya rubuta a katin cewa Mis Verna uwa ce a gare mu duka.

Na tare shi a wurin ajiye motoci.

"Ka mayar wa matar nan kuɗinta."

"Zan mayar. Wallahi na ɗauka ita ma za a biya ta, wa ya sani?"

"Yanzu ka sani."

"Fasto, kai fa ka koya mana lissafi. Katin bashina kuɗin ruwansa kashi ashirin da tara cikin ɗari ne, duk na zuba ariyas ɗin a can. Na Mis Verna ba ya haihuwa. Wanne mai hankali zai fara biya? Ɗari-ɗari zan riƙa ba ta duk wata."

"Saura kwana goma sha tara ta rasa kafin alƙalaminta."

"Clement ba sauri yake ba," ya ce, ya tayar da mota.

Ranar Asabar da hantsi na ciro dubu biyu da ɗari huɗu daga ajiyata, karo na farko da na taɓa ta, na tafi gidan Mis Verna. Itacen Royce na nan a jere a rumfa. Ta ba ni kofi, ta saurare ni har na gama, ambulan ɗin na kan tebur tsakaninmu.

"Royce ya faɗa mini wurinka ya fara zuwa," ta ce.

"Haka ne."

"Da ka ba shi a lokacin, mako biyu za ka jira, kuma kai yana tsoron bakinka, da ya biya ka. Ka ba shi wa'azi, wa'azin ya kawo shi ƙofata."

"Shi ya sa na zo."

"Ka zo ka wanke ranka ne, Mista Orville. Shekara biyu ina wanke bayan gidanku ina tara kuɗin nan, don in 'yan'uwansa sun tsaya a kan kabarin in ce ni na yi masa. Ba zan kafa wa Clement dutsen sadaka ba, ba kuma zan ci bashi a kan mamaci ba." Ta turo ambulan ɗin da yatsa ɗaya. "Mayar da su su cika wata ukun."

Fabrairu ya ƙare, mai sassaƙa ya riƙe ɗari shidansa kamar yadda takarda ta ce. Royce ya biya ɗari a Maris, ɗari a Afrilu, a Mayu ya ce kwalekwale na buƙatar gyara.

Litinin ta ƙarshe a Mayu na je gyara kabarin iyayena. Daga inda nake durƙushe ina hango motoci biyu masu lambar Ohio, da Mis Verna cikin hular zuwa coci tana goge faifan ƙarfen da tsumma. Ruwan shekara biyu ya cinye rabin haruffan, sai da ta nuna wa wata tsohuwa da yatsa inda sunan yake.

Har yau ma'aikatan hawa na biyu ba su ajiye ko sisi ba, sun ce ai an biya wancan karon. Ni kuwa albashina na wata uku na nan a asusu, cif, ko dala ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.