Littafin Awon Inna

Ni tela ce 'yar tela, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi a duniyar nan, to idona ne. Mace ta shigo shagona, kafin ta gama sallama na san ƙugunta inci nawa ne. Amma wai ni ce 'yar cikina ta riƙa zubewa a gabana wata tara ban gani ba. Rashin ganin ma da sauƙi. Da hannuna na riƙa rufe abin.

Auta shekararta goma sha bakwai. Takan kawo mini rigar makarantarta ta ce, "Umma, ta yi mini yawa, ki ɗan rage." Sai in juya rigar, in ja alli, in taka keke, minti goma an gama. Har tsiya nake mata: "Ke dai kin huta, yadi biyu ya ishe ki, ba irin uwarki mai cinye bandir ba." Sau huɗu na rage rigar nan, kowane karo ta zauna mata cas. Da ɗinkin banza na iya, da tuni rigar ta tona asiri.

Ranar wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a matattakalar makaranta. A asibiti aka kwantar da ita, aka maƙala mata wayoyi a ƙirji. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa.

"Zuciyarta sau arba'in da biyu take bugawa a minti," in ji ta. "Jikin ya rasa abinci, ya koma cin kansa, har da naman zuciya. Cutar ƙin cin abinci ce. Idan ba ta fara ci ba zuwa gobe, za mu saka mata roba ta hanci. Amma roba ba ta warkarwa, sai ta yarda ba ta da lafiya."

Na ce, "Likita, yarinyar nan taurin kai ne da ita. Ki bar ni da ita minti biyar."

"Ba taurin kai ba ne, Hajiya, kuma faɗa ba zai yi ba. Kaso mai yawa na cutar nan gado ne. Ba ƙwayar halitta guda ce ke kawo ta ba, da yawa ne, kowace da ɗan nata. Wasunsu su ne dai masu hannu a waswasi da yawan fargaba, wasu kuma sun shafi yadda jiki ke sarrafa kitse da sukari. Wani ya yi kwana biyu bai ci sosai ba, yunwa ta koro shi kan kwano. Mai irin wannan jinin kuwa, sai ya ji hankalinsa ya kwanta, ya zarce. Akwai wanda ya taɓa yin haka a danginku?"

Na ce babu, har da ɗaga murya. Mu da muke rububin ƙanzo?

Na koma wurin Auta da kofin madara da yankan burodi. Ta kalli kofin kamar na miƙa mata maciji.

"Lafiyata ƙalau, Umma. Ni na san abin da nake yi. Duk ranar da na ga dama zan ci."

Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗan da aka hana ni. Ko gezau.

A cikin motar haya tambayar likita ta hana ni sakat. Ina da yaya mace da ta rasu tana da shekara ashirin, ni ina da tara. Ciwon zuciya, haka aka ce mana, haka muka haddace. Sai ga ta a idona tana gutsuttsura burodi ƙanana-ƙanana tana jera su a gefen faranti. Tana kai da komo a tsakar gida ba ta zama. Tana wanke hannu har fatar ta tsage. Auta ma haka take jera burodi. Na sauka ban kai shago ba, na nufi gidan Inna, mahaifiyata.

Na same ta tana saka wa tsohon keken ɗinkinta mai, keken da ta daina takawa shekara goma amma ko ƙura ba ta yarda ta hau shi ba.

"Inna, me ya kashe Yaya?"

"Kwananta ne ya ƙare."

"Na sani. Me ya kashe ta?"

"Zuciya. Ke yau me ya taka ki? Ki bar wadda ta kwanta ta huta."

Ban tsaya musu ba. Tela na iya jefar da komai, ban da littafin awo. Na durƙusa na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin keken, tana cewa ke, ke, ban ko waiwaya ba. Littattafai ne birjik, an ɗaure da tsumma. Na lalubo na shekarar, na buɗe shafin Yaya. Ga rubutun Inna da fensir: ƙugu ashirin da tara, an soke. Ashirin da bakwai, an soke. Da biyar. Da uku. Na ƙarshe ashirin da ɗaya, shi ba a soke ba.

Na zaro nawa littafin daga jaka, na buɗe shafin Auta na ajiye kusa da shi. Talatin, ashirin da takwas, da shida, da huɗu, da biyu.

"Saura inci ɗaya, Inna."

Ta daɗe tana kallon shafukan. Kwalbar man ta karkace a hannunta tana ɗiga kan tabarma, ba ta lura ba.

"Cewa aka yi na kasa ciyar da 'yata," in ji ta. "Wasu suka ce tsabar iyayi ne. Na dake ta, Allah Ya yafe mini. Da ta tafi, sai na ga gara a ce zuciya. Ai ba ƙarya na yi ba, zuciyar ce ta tsaya."

"To tashi ki faɗa wa jikarki. Ni ta daina jin tawa."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Kin binne ɗaya da shirunki, wallahi ba za mu binne ta biyu da shi ba. Ga mayafinki."

Ban taɓa yi wa uwata magana haka ba, kuma ban yi nadama ba. Ta miƙe. Kafin mu fita ta ciro wata shuɗiyar riga daga ƙasan akwatin ta cusa a jaka, ta ce mu biya gidana in ɗauko rigar makarantar Auta.

Da muka shiga ɗakin, Auta ta yi ƙoƙarin wasan da suka saba. "Tsohuwa, kin zo ganin gawa ne?"

"Rufe mini baki, ja'ira," in ji Inna, amma ba ta yi dariya ba. Ta zauna bakin gado ta shimfiɗa littattafan biyu kan cinyar yarinyar. Ta ba ta labarin Yaya tun daga farko, ba ta rage komai ba.

"Ita ma cewa take ta san abin da take yi," in ji Inna. "Duk ranar da ta ga dama za ta ci. Har ranar ƙarshe haka ta ce mini."

Auta ta bi lambobin da yatsa, ta sauka layin Yaya, ta sauka nata.

"Ke nan ba ni ce nake yi ba?"

"Ba ke kaɗai ba ce," in ji likita daga bakin ƙofa, ashe tana tsaye. "Kin gaji hanyar, amma ba dole ki bi ta har ƙarshe ba. Yayar mahaifiyarki ba ta samu magani ba. Ke kin samu. Zai ɗauki watanni, kuma wasu ranakun za ki tsane mu duka."

Inna ta fito da shuɗiyar rigar ta juya cikinta waje. Duk wanda ya koyi ɗinki a hannunta ya san dokarta: in za ka rage riga kada ka yanke rarar, ninke ta ciki, domin jiki yana dawowa. Ga ninki huɗu a kowane gefe, layi bayan layi, zaren har ya yi ja don tsufa. Ta juya rigar Auta. Ninki huɗu, ɗinkina.

"Shekara talatin da biyar ina ajiye da wannan," in ji Inna. "Ban samu na warware ko layi ɗaya ba."

Auta ta miƙa hannu ta ɗauki kofin madarar. Ta kurɓa sau ɗaya, ta runtse ido, hawaye na bin kuncinta. Ta ce tana jin tsoro. Na ce na sani, ni ma ina ji, ƙara ɗaya. Ta yi kurɓa uku ta ajiye, ta ce ba za ta iya fiye da haka ba yanzu. Likita ta ce an fara.

Inna ta kwance bakin zaninta ta ciro reza, ta miƙo mini tare da rigar makarantar.

Na ce, "Inna, ai da sauranta tukuna. Za ta yi mata yawa."

"Ta yi mata yawan," in ji ta. "Warware. A wannan karon rigar ce za ta jira ta."

Na sa reza a layin ƙarshe da na taka, na fara tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya.