Kilo Hamsin da Ɗaya

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe, jirgin ƙasa na barin tashar Bupyeong cike maƙil, wayata ta motsa a aljihu. Da ƙyar na zaro hannu daga tsakanin kafaɗun mutane na duba. Hamsin da ɗaya da ɗigo biyu, ga 'yar koriyar alama a gefe. Na mayar da wayar, na ci gaba da kallon ƙeyar mutumin da ke gabana. Gaisuwata da mahaifiyata ta wannan rana ke nan, an gama.

Sikelin da ke turo mini wannan nauyin nata, yayana Gye-hun ne ya sayo shi a watan Afrilu, ranar da aka sallami Umma daga asibiti a Mokpo. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa mata a ƙafa da huhu. Ya ce ta sha magani, ta rage gishiri sosai, ta hau sikeli kowace safiya. In nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin 'yan kwanaki, ruwa ne ya dawo, a kawo ta ya gani.

Abin da likita ya faɗa ke nan. Kafin mu isa ƙauyenmu a Muan, maganar ta sake kama a bakin Yaya. Ya ajiye sikelin a bakin ƙofar ɗakinta, ya haɗa shi da wayoyinmu mu biyu, ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa.

"Umma, yau hamsin da ɗaya kike. Ranar da na ga hamsin da uku, zaman kaɗaici ya ƙare. Akwai gidan kula da tsofaffi mai kyau kusa da ni, can za ki koma."

Umma ba ta dube shi ba. Idonta na bayan gida, inda randunanta goma sha huɗu ke jere a rana: na ruwan waken soya, na daddawar wake, na ƙananan jatan lande da ake jiƙawa a gishiri. Wasu ta gaje su ne daga surukarta. Sunanta Pyo Mal-sun, amma ba mai kiran ta haka. Shekara hamsin da takwas da kawo ta amarya, har yanzu 'Yar Haenam ƙauye ke ce mata, da sunan garin da aka ɗauko ta.

Ta ce, "In ban wuce ba fa?"

"Sai ki yi zamanki."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ina tsaye a wurin da jakar magani a hannu. Ni dama ta wajena shiru ba ya wuya.

Yaya ya ɗauki sikeli, ni na ɗauki abinci. Na yi mata rajista da wani kamfani da ke dafa wa masu ciwon zuciya abinci marar gishiri, duk Talata a ajiye mata kwali a ƙofar gida. Haka muka raba uwa gida biyu, kowa ya riƙe rabonsa, muka hau mota muka koma birni da nutsuwar waɗanda suka sauke nauyi.

* * *

Ran Lahadi nake kiran ta. Na tambaye ta ta ci abinci, ta ce ta ci. Ta tambaye ni na ci, na ce na ci. Wani lokaci ta ƙara da cewa abincin kwalin nan ko kare ya shinshina sai ya ba shi haƙuri ya wuce. Sai na yi dariya na ce lafiyarta ake nema. Minti huɗu, in ya yi tsawo biyar.

Lambar kuwa ba ta taɓa ba mu kunya ba. Hamsin da ɗaya da ɗigo biyu, da ɗigo huɗu, da ɗigo ɗaya. Yaya har hoton layin yake turo mini, miƙe sambal kamar zaren da aka ja, ya rubuta a ƙasa: ka ga aiki da tsari. Da bikin girbi ya zo ba mu je ba. 'Yata na shirin jarrabawar shiga jami'a, Yaya kuma yana da tafiya. Mun ce ai muna ganin ta kullum.

Ƙarshen Nuwamba, kamar kowace shekara, kimchi, kabejin da ake jiƙawa da gishiri da barkono, ya iso. Manyan robobi uku nawa, uku na Yaya, an naɗe su da leda an ɗaure da igiya irin ɗaurin Umma, wanda sai da wuƙa. Mijina ya yagi ganye ɗaya tun a tsaye, ya lumshe ido, ya ce na bana ma ya fi na bara.

Na san yadda ake yin sa, a gabana na tashi ana yi. Kabeji tamanin, a tsaga, a barbaɗe da gishirin teku, a juya, a wanke. Ba awo ake yi ba, harshe ne ma'auni. Kowane baho sai Umma ta yagi ganye ta tauna, ta ƙara gishiri, ta sake taunawa. In an kwaɓa barkono da tafarnuwa da jatan lande, shi ma sai ta lakata ta ɗanɗana, ta sake, har ya zauna mata. Mun hana ta ci, amma ba wanda ya hana ta yi. Ko a ranmu ba mu kawo ba, don ba mu san yadda ake shiga sanyi ba kimchin Umma a firiji ba.

Na kira na yi godiya. Muryarta na yankewa tsakanin kalma da kalma. Na tambaya, ta ce daga bayan gida ta taso da sauri. Na duba wayata, hamsin da ɗaya da ɗigo uku. Na yarda.

* * *

Iya Jeom-rye, maƙwabciyarta ta bayan katanga, ita ta kira ni wata Alhamis a Disamba ina wurin aiki. Ba ta yi gaisuwa ba.

"Yeon-ok ce? 'Yar birni, ashe wayarki na shiga. To in kina da sauran amfani da uwarki, ki taho yau."

Na ce mata ai da safen nan ma na ga awonta, lafiya lau.

"Awo? To ki zauna, ki dafa awon ki ci."

Ta kashe.

Na isa da la'asar, dusar ƙanƙara ta rufe murafen randuna. Umma na zaune a ƙasan ɗaki, ta jingina da barguna uku da aka naɗe mata a bango. Iya Jeom-rye ta ce sati uku ke nan a haka take barci, in ta kwanta numfashi ke tsaya mata. Na tsaya a ƙofa ina neman fuskar uwata a cikin fuskar da ke gabana. Kumatu sun zube, ƙasusuwan wuya sun fito, hannayenta kamar sillen kara. Gashinta da take naɗewa a ƙeya tun ina yarinya babu shi, an yanke shi da almakashi, gefe ya fi gefe.

Na ɗaga bargon da ta rufe ƙafa. Kowace ƙafa kamar turmi, fatar na sheƙi. Na danna babban yatsa a ƙwaurinta, na ɗauke, ramin ya tsaya yana kallona.

Ta ce, "Ban wuce ba. Duba wayarki."

Iya Jeom-rye ta ja ni ɗakin ajiya ta tura ƙofar da ƙafa. Kwalayena ne jere har sun kai taga, yawancinsu ko tef ɗin ba a ɓare ba. Nan ta zayyana mini komai, tana yi tana harara ta. Tun damina ruwan ya fara dawowa. Umma ta ga lamba na hawa, sai ta daina cin abincin dare, lamba ta sauko. Da ta sake hawa ta bar na rana. Daga baya abin da take ci a yini bai wuce cokali uku na shinkafa a jiƙe da ruwan kimchi ba, don shi kaɗai ke wuce mata maƙogwaro. Nama na tafiya, ruwa na maye gurbinsa, sikeli bai san bambanci ba. Bayan aikin kabejin nan abin ya ƙwace mata. Ta koma hawa sikeli tsirara a cikin wannan sanyi, ta cire zobenta, ranar da ta ga hamsin da biyu da ɗigo takwas ta ɗauko almakashi. Ta gano cewa in ta sauka da sauri kafin sikelin ya yi ƙara, ba ya aika komai, sai ta yi ta gwadawa tana dafe da bango har ta sami lambar da za ta iya tura mana.

"Na ce zan kira ku, ta ce in na kira ba ni ba ita. Ni ma tsohuwar banza ce da na biye mata. Amma ku fa? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wata takwas ko ɗayanku bai kawo nasa ba."

Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ban ji ba. Na tsaya ina karanta kwanan watan da ke jikin kwalayen, ɗaya bayan ɗaya, har motar asibiti ta iso.

* * *

Kwana goma suka yi suna janye mata ruwa. Kilo tara ya fita. Ranar da suka auna abin da ya rage na Umma, arba'in da biyu ne. Likitan, wancan dai na watan Afrilu, ya ce shi bai taɓa cewa kada ta ci abinci ba. Mai irin wannan ciwo yana buƙatar ƙwai da kifi da wake fiye da kowa, gishiri kawai aka ce a rage. Ya tambaye mu yaushe rabon da wani ya ga ƙafarta. Yaya ya zaro waya zai nuna masa layin nan miƙaƙƙe, sai ya fasa, ya mayar aljihu.

A barandar asibitin Yaya ya ce mini ai yanzu magana ta ƙare, ba za ta sake zama ita kaɗai ba. Na ce to. Takardar shiga gidan tsofaffin ma ni na sa wa hannu, don rubutuna ya fi nasa kyau. Randunan, wani mai gidan abinci a bakin hanya ya zo da mota ya kwashe. Na ji an ce furanni ya shuka a ciki.

Yanzu duk Lahadi ina zuwa, awa ɗaya a jirgin ƙasa. Ɗakin nasu mutum huɗu ne, a hawa na biyar, taga na kallon wurin ajiye motoci. Akwai tsabta, ma'aikatan ba su da laifi. Wayata ta daina motsi da ƙarfe bakwai, amma har yau hannuna na zuwa aljihu.

Lahadin da ta wuce na tarar an kawo mata kunun shinkafa da dafaffen ƙwai da farin kifi. Na ɗaga mata gado, na ɗaura mata tawul a wuya. Gashin ya fara tsirowa fari fat. Ta tambaye ni ko gishirin kimchin bana ya yi daidai, na ce ya yi, saura roba ɗaya ma. Ta ji daɗi. Ta karɓi cokali na farko, ta karɓi na biyu. Sai ta waiga ta ga ma'aikaciyar ta fita, ta riƙo hannun rigata ta jawo ni kusa.

"Sun auna ni da safe. Arba'in da uku. Ki gaya wa yayanki, saura goma cif kafin in kai hamsin da uku. Ki ce masa lokacin dafa waken daddawa na wucewa, kuma ba wanda ya san murfin randar da ke yoyo sai ni."

Na ce zan gaya masa.

Na ɗebo cokali na uku, na sa ɗan kifi a kai, na kai bakinta. Ta dubi cokalin, ta ɗan yi lissafi a ranta, sannan ta rufe baki ta kau da kai wajen taga.

"Ya isa haka," ta ce. "Gobe da safe za su sake aunawa."