Ƙugun Delbert Babu Komai

Delbert Janecek mutum ne da zai fita ya manta tabarau, ya manta maganin hawan jini, har ma ya taɓa mantawa da matarsa Nadine a gidan mai. Amma bai taɓa fita babu ƙaramar bindigarsa a soke a ƙugu, ƙarƙashin riga ba. Lasisi gare shi, kuma kowa a garinsu na tsakiyar Texas ya sani. Da ita ya je ɗaurin auren 'yarsa, da ita yake yankan ciyawa.

Shekara shida ɗansa Colby yana jefa ƙwallon besbol a ƙungiyar 'yan sha'awa, inda makanikai da malaman makaranta ke haɗuwa a filin gari ran Lahadi. A irin wannan wasa ba mai hana mai lasisi shiga da abinsa. Delbert kan je ya kalla, su dawo gida ya ce, "Wasa dai wasa ne. Yaushe za ka kama sana'a?"

Kwatsam sai wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararru ta ɗauki Colby. Wasansa na farko ya faɗo ran Asabar da la'asar, a wannan filin dai na gari. Ya bugo wa ubansa waya.

"Baba, kujera ta bakwai, daidai bayan mai cafe ƙwallo. Zan duba kafin jifan farko. In ban gan ka ba, na gane, ba zan ƙara damunka ba."

Nadine ta riga shi tafiya. Shi kuwa ya tarar wurin ajiye motoci ya cika, sai can bayan coci ya sami inda zai bar a-kori-kurarsa. Ya tako da gwiwarsa mai ciwo yana mita har bakin ƙofa, inda ya iske Lorraine Pospisil, wadda suka yi firamare tare, riƙe da sandar nan mai gano ƙarfe. Tana kai ta ƙugunsa sandar ta ɗau kuka.

"Delbert, koma ka ajiye amaryar taka."

"Haba Lorraine! Makon jiya a kujerar can na zauna da ita."

"Makon jiya 'yan sha'awa ne. Yau wasan ƙwararru ne, doka ta hana."

"Ƙwararrun ina? Filin nan ne fa, ga ramin da na karye a ciki ina yaro."

"Fili bai canza ba, ɗanka ne ya canza. Ya sa hannu a takarda, albashi yake ɗauka. Sana'arsa ke nan, ko ka so ko ka ƙi. Saura minti goma."

Shekara shida Delbert yana tambayar yaushe yaron zai kama sana'a, ga amsar ta zo daga bakin Lorraine, wadda ko lissafi shi yake ba ta ta kwafa a aji huɗu. Kunya ta kama shi, ta gauraye da wani irin alfahari da bai shirya masa ba.

"Riƙe min bindigar mana," in ji shi.

"In riƙe a kore ni? Yi sauri, tsoho."

Rabon Delbert da gudu tun kafin a haifi Colby. Ya yi abin da ya samu, rabi gudu rabi ɗingishi, hularsa a hannu. Yana cikin kulle bindigar a akwatin ƙarfe na ƙarƙashin kujera ya ji lasifika ta kira sunan ɗansa, jama'a suka ɗau sowa. Ya san yaron ya duba kujera ta bakwai bai gan shi ba.

Da ya dawo, sandar Lorraine ta yi shiru. Ta ture shi ciki ba tare da ta duba tikitinsa ba.

A ciki abin ba kyau. Colby ya yi jifa huɗu duk a karkace, ɗan wasan abokan hamayya da ke jiran bugun ƙwallon ya wuce gaba a ɓagas. Nadine ta galla wa mijinta harara. Yaron kuwa kansa a sunkuye yake, ya daina kallon wajen kujerun sam.

Delbert bai zauna ba. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fiton da yake kiran Colby da shi cin abinci tun yana ƙarami. Yaron ya ɗago. A gaban jama'ar garin kaf, Delbert ya ɗage rigarsa har saman tumbi, ya juya masa ƙugu don ya ga kuben fatar bindigar wayam.

"Sauke rigarka, don Allah, kana ba ni kunya," in ji Nadine, tana share ido.

Colby ya daɗe yana kallon kuben. Tun da aka haife shi bai taɓa ganinsa haka ba. Ya taɓa bakin hularsa, ya juya ya jefa ƙwallon, ta tafi ɗoɗar inda ake so, ta faɗa hannun mai cafewa da ƙara, tas!

Delbert ya zauna yana haki, ya zunguri baƙon da ke gefensa.

"Ka ga wancan mai jifan? Ɗana ne. A bakin aiki yake."